Na'urar maganaɗisu ta tashe ni daga tabarma, amma dillali ya ci amanata

Shekara uku na yi a kwance ba tare da zazzaɓi ko ciwon gaɓa ba. Ni mai sayen riɗi da zoɓorodo ne a wani ƙauye kusa da Gumel, kuma duk wanda ya san ni ya san ba na fashin kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Sai ga shi ko zaure ba na son leƙawa. Abinci ya daina ɗanɗano, barci kan ƙaurace min tun ƙarfe biyun dare, ina jin ladan yana kira amma ƙafata kamar an ɗaure ta da turmi. Inna ta ce sammu ne, abokan kasuwa suka ce iska. An yi ruƙiyya, na sha rubutu, an yi hayaƙi, kuma ban raina ƙoƙarin kowa ba. Daga baya Yaya ya kai ni wurin likitan ƙwaƙwalwa a Kano, ya ce ciwon damuwa ne. Ƙwaya iri biyu na sha, kowacce wata da watanni. Ta farko ta busar min da baki ta sa ni gyangyaɗi, ta biyu ta ɗan taɓa ta tsaya. Likitan ne ya fara ambata mana TMS, maganin da ake yi da maganaɗisu a ƙoƙon kai, ga wanda ƙwaya ta kasa. Wani dillalin asibiti ya haɗa mana tafiya Alkahira. Kun san yadda dala take, ba sai na faɗa ba.

Ranar farko ce ta sa nake wannan rubutu. Sun fara tambayata ko akwai ƙarfe a cikin kaina, ko na taɓa farfaɗiya. Sai aka zaunar da ni a kujera irin ta masu cire haƙori, aka sa min hular yadi mai kama kai, aka ba ni abin toshe kunne. Wani yaro ɗan Haɗeja da ke karatu a Azhar shi ne tafintana. Likitan ya jawo wani abu mai siffar lamba 8, faɗinsa kamar tafin hannu biyu, ya ɗora a gefen hagu na kaina. Ya ce in saki hannun dama a kan cinya, kada in motsa. Na ji ƙas! Ba abin da ya faru. Ya ɗan gusar da shi, ya ƙara ƙarfi. Ƙas! Sai babban yatsana na dama ya zabura shi kaɗai. Wallahi ban motsa shi ba. Ya sake, ya sake zabura. Ina kallon yatsana kamar na wani.

Na ce da yaron, "Ɗana, tambayar min shi, wa ya motsa min yatsa?" Suka yi Larabci, sai ya juyo ya ce, "Baba, ya ce ƙwaƙwalwarka ce ta motsa shi. Shi dai ƙwanƙwasa mata ya yi, ta amsa."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo min ba. Likitan ya zaci zafi ne, ya tsayar da na'urar. Ba zafi ba ne. Shekara uku ana ce min wani abu ne ya shige ni, wasu a bayan idona suna cewa raki ne da rashin tawakkali, har ni ma na fara yarda. Yau ga shi an taɓa wani wuri a kaina, hannuna ya amsa. Ashe abin da ke cikin ƙoƙon kan nan tsoka ce mai jijiyoyi, tana iya gajiya ta yi ciwo kamar ƙoda ko hanta, kuma ciwona yana da mazauni da za a iya nunawa da yatsa. Tun kafin a fara maganin na ji an sauke min wani kaya. Da daddare na kira uwargida na ba ta labari, ta yi shiru, can ta ce, "Malam, rabon da in ji ka yi magana mai tsawo haka har na manta."

Wannan motsin yatsa awo ne. Da shi suke gane ƙarfin da ƙwaƙwalwar mutum take amsawa, su ɗan ƙara a kai, sannan su gusar da na'urar gaba, can saman goshi ta hagu. Likitan ya ce da irin wannan motsin hannu Anthony Barker da abokan aikinsa suka fara nuna na'urar a Sheffield ta Ingila a 1985, kuma sai 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a yi maganin damuwa da ita. A cikin lamba 8 ɗin nan naɗin waya ne. Wuta na ratsa shi cikin ƙiftawar ido, sai ya zama maganaɗisu mai ƙarfi kusan irin na na'urar hoto ta MRI. Ƙashin kai ba ya tare shi. Yana shiga kamar santimita 2 zuwa 3, ya tayar da 'yar wuta a cikin jijiyoyin wurin, su farka su aika saƙo.

Na tambaya me ya sa goshi, me ya sa hagu. Ya ce a yawancin masu damuwa wannan sashen, mai tsara tunani da riƙe zuciya, aikinsa ya yi sanyi. Can ciki kuma akwai wani wuri da suke kira yanki na 25, wanda shi kuma ya cika aiki, yana ta juya baƙin ciki. Maganaɗisun ba ya kaiwa can, amma wuraren biyu a haɗe suke, in aka farkar da na gaba sai ya ja wa na ciki linzami. Da na ji haka sai na gane abin da ke damuna ƙarfe biyun dare: doki na ta gudu, mahayi na barci. Maimaitawar kullum kuwa, kamar hanyar gona ce da ciyawa ta rufe, sai an yi ta bi take buɗewa.

Zaman kansa ba daɗi. Sakan 4 ana bugu kamar keken ɗinki a ka, sakan 26 hutu, a sake, har bugu 3,000 cikin kusan minti 37. Makon farko gira da haƙorina na hagu suna rawa, ina fita da ciwon kai. Amma ba allurar barci, ba jona wuta irin wadda mutanenmu ke tsoro, ban manta komai ba, da ƙafata nake komawa masauki. A mako na huɗu ne na farka wata safiya na ga rana ta fito ban sani ba, ga yunwa ta gaske, raina na son tuwon dawa da miyar kuka. Rannan na tambayi Yaya nawa buhun riɗi yake a Maigatari. Da a nan na tsaya, da na ce kowa ya sayar da abin da yake da shi ya tafi.

Amma kun lura na ce mako na huɗu? Dillalin nan ya dafa ƙirji a gaban Yaya ya ce mako guda ne an gama, kuma in an gama an gama har abada. A kan mako guda muka yi lissafi, muka sayar da shanun huɗa biyu. Sai a rana ta biyu, bayan an karɓi kuɗin farko, muka ji cewa zama 30 ne, Lahadi zuwa Alhamis, mako shida. Likitan ya ce lalle akwai hanyar kwana 5, zama 10 a rana, wadda aka fito da ita a Jami'ar Stanford, Amurka ta amince da ita a 2022, amma tana buƙatar hoton ƙwaƙwalwa na musamman don saita wurin, kuma su ba su da ita. Wato mutumin ya tsinci labarin wani wuri ya sayar mana da shi. Kuɗin masauki, abinci, canjin tikiti, duk suka hau kanmu. Dole Yaya ya koma gida ya ba da gonata ta fadama jingina, ya bar ni da yaron nan, Allah ya saka masa da alheri. Ka yi tunanin mai ciwon damuwa shi kaɗai a ƙasar da ba ya jin harshenta, yana lissafin bashi. Da aka kira dillalin, cewa ya yi ai ba shi ne likita ba.

Asibitin ma ban wanke su duka ba. Likitan ya gaya min gaskiya cewa kusan rabin mutane ne ke samun sauƙi sosai, kamar ɗaya cikin uku ne ciwon ke sakinsu gaba ɗaya, kuma yana iya dawowa. Amma sai da zama ya yi nisa ya faɗa, ba ranar da ake karɓar kuɗi ba. Ranar sallama suka ba ni lambar WhatsApp, suka ce in rubuto duk abin da na ji. Wata bakwai ina lafiya, na koma kasuwa, na koma sahun masallaci. Da damina ta yi nisa sai farkawar dare ta fara dawowa. Saƙo huɗu na tura, amsa ɗaya na samu, cewa in zo a ƙara min zama. In zo da me? A nan wajenmu babu na'urar, kuma shanun sun tafi.

Likitana na Kano ne ya riƙe ni. Ya gyara min ƙwaya, ya ce kada in kuskura in daina, ina zuwa wurinsa duk wata. Ban koma tabarma ba, Alhamis ɗin da ta wuce ma na auno buhu shida na zoɓorodo, sai dai wasu darare har yanzu ido biyu nake kwana. Gonar fadama tana hannun mai jingina. In riɗin bana ya yi kuɗi, ita zan fara fansowa, maganar komawa Alkahira sai bayan nan, kuma da bakina zan yi magana da likita kafin in biya ko sisi.