Hoto na rawa tsakanin kwamfuta da tele: wace waya ya kamata ka saya?

Ni dai tun ranar sunan ɗan yayana a Birni na daina wasa da zancen wayar jona kwamfuta da tele. Mata sun cika ɗaki za'a kalli hotunan biki, na jona kwamfuta da tele, sai ga layuka na hawa suna sauka, fuskokin mutane duk sun yi kore, wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Kafin ka kashe ko dala, zare sharjo daga kwamfutar ka barta a kan batir. In layukan sun ɓace to ba laifin tele bane, kuran ne ke shigowa da datti, musamman in gurup ake ja ko sharjon ɗan arha ne. Ka sa sharjon da telen a soket ɗaya, sannan ka shiga saitin hoto na kwamfutar ka gwada canza saurin sabunta hoton tsakanin 50 da 60 Hz.

In dole sai ka sayi waya, HDMI zaka nema, ba na ɓoyewa ita nake so. Saƙonta na dijital ne, shi yasa hayaniyar kuran bata zana mata layi, kuma hoto da murya duk a waya guda suke tafiya. In ta samu matsala ma zaka gane da wuri, ɗige-ɗige farare ko hoton ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Mita 2 ko 3 ta isa ɗaki, kar ka ɗauko mita 15 don kawai ka ga an samu.

VGA mai haƙora 15 ɗin nan tun 1987 take, bata ɗaukar murya kuma ita ce ta kunyata ni. AV mai jan kai da fari da rawaya kuwa ko rubutu baka iya karantawa.

Amma jabu fa, jama'a! Ƙullin nan da kuke gani kusa da bakin waya an sa shi ne don tace hayaniya, to wasu roba ce zalla ba komi ciki, tawa da na fasa haka na tarar. Ka tafi da ɗan maganaɗisu, in na gaske ne zai kama. Waya siririya mara nauyi ka aje ta, wani sa'in alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe. Sannan wadda ke da HDMI a kai ɗaya VGA a ɗayan babu na'urar juyawa a ciki, wannan asarar kuɗi ce, kuma ita kanta na'urar hanya ɗaya take bi, mai maida HDMI zuwa VGA bata yin akasin haka, masu tebur da yawa basu faɗa maka.

In zaka shiga Kasuwar Dole ta Damagaram ka ɗauki kwamfutarka, a jona a gabanka ka kalla kamar minti 5, ka ɗan motsa bakin wayar ka ga ko hoton zai girgiza. Wanda ya ƙi a gwada, ka wuce shago na gaba.