Wata uku da Arduino Uno a gefen baturana

Akwatin da nake ajiye baturan sola ne ya sa na sayi Arduino Uno, wani ɗan allon lantarki da ake ɗora wa umarni daga kwamfuta. Kullum in na taɓa shi sai in ji shi da ɗumi, amma hannu ba ya faɗin digiri nawa ne. Ni kuwa lambobi nake so, a jere cikin kwamfuta, yadda zan ɗauko na jiya in kwatanta da na yau, in kuma ga halin da wutar batir take ciki a lokacin da zafin ya kai maƙura.

Allon bai cika tafin hannu ba. Ƙwaƙwalwarsa ATmega328P ce, mai gudun megahaz 16 da ma'ajiyar aiki ta kilobayit 2 kacal. A 2005 aka fara aikin Arduino a garin Ivrea na Italiya, domin ɗaliban zane-zane waɗanda ba su karanci lantarki ba, Uno kuma ya fito a 2010. Wannan asali ana jin sa a hannu: kowane rami da sunansa a jikin allo, kebul ɗaya na USB shi ke ba shi wuta, shi ke ɗora masa umarni, shi ke dawo da bayanai. Wannan kebul ɗin shi ne abin da na fi yabawa.

Don auna zafi na ɗauki ma'aunin da ake kira DS18B20 guda biyu, ɗaya a cikin akwatin, ɗaya a waje. Duka biyun waya ɗaya suke turo bayani ta kanta, domin kowanne yana da lambarsa ta shaida. Ranar farko -127 kawai nake gani, har na yi zaton ma'aunin ne ya mutu. Ashe resista mai kilo-om 4.7 da ake sawa tsakanin wayar bayani da ta wuta ce ban sa ba. Ina sa ta, lambobi suka fara zubowa. Wani lokaci kuma karatun farko yakan nuna 85 cif. Wannan ita ce lambar da ma'aunin ke tashi da ita kafin ya auna komai, kuma yana buƙatar kusan kashi uku cikin huɗu na daƙiƙa kafin ya gama cikakken awo.

Shigar da bayanan cikin kwamfuta bai ba ni wahala ba. Na sa allon yana turo layi ɗaya duk minti, lambobi uku (zafin ciki, zafin waje da wutar batir) da waƙafi a tsakaninsu, a gudun bit 9600 a daƙiƙa, wato kimanin haruffa 960 a daƙiƙa, wanda ya ishe ni har da saura. A ɓangaren kwamfuta, 'yan layukan umarni na yaren Python, da taimakon pyserial mai karanto abin da ke shigowa ta kebul, suke karɓa su zuba a fayil na CSV, in buɗe shi da Excel in ga zanen hawa da sauka. Abu biyu ne ya kamata sabon shiga ya sani tun farko. Da zarar kwamfuta ta buɗe hanyar da bayanan ke bi ta kebul ɗin, allon yakan sake tashi daga farko, saboda haka a jira kamar daƙiƙa biyu kafin a fara karatu. Sannan manhaja ɗaya ce tak za ta iya riƙe hanyar a lokaci guda; in an bar tagar Serial Monitor ta manhajar Arduino a buɗe, Python ba zai samu shiga ba. Lokaci kuwa na bar wa kwamfuta. Uno ba shi da agogon da ya san rana da ƙarfe, tun lokacin da aka kunna shi kawai yake ƙirgawa, don haka kwamfutar ce ke manna wa kowane layi kwanan wata da sa'a.

Inda na fi daɗewa shi ne awon wutar batir. Ramukan A0 zuwa A5 ba sa ɗaukar fiye da volt 5, batirin kuwa yakan haura 14 in yana caji, sai na rage wutar da resista biyu, mai kilo-om 30 da mai 10, kashi ɗaya cikin huɗu ne ke isa allon. Uno yana mayar da ita lamba daga 0 zuwa 1023, kowane taki kusan milivolt 5. Na yi kwanaki ina mamakin yadda karatun ke sauyawa duk sanda na canza kebul ko ramin USB, alhali mitar awon wuta tana nuna batirin bai motsa ba. Dalilin shi ne allon da wutar da yake ci yake gwada abin da yake aunawa, wutar USB kuwa ba kullum take cika volt 5 daidai ba. In ma'auninka yana miƙewa yana takurewa, ai ba za ka ga laifin abin da kake aunawa ba. Na koma gwadawa da volt 1.1 na cikin ƙwaƙwalwar, na canza resistocin, na daidaita da mita sau ɗaya, karatun ya natsu.

Na gwada wani allon, ESP32, na mako guda, saboda yana da Wi-Fi, ba sai an bar kwamfuta a kunne kusa da shi ba. Yana da ƙarfi ƙwarai, sai dai volt 3.3 yake aiki da shi, kuma wasu ramukansa na awo ba sa amsawa muddin Wi-Fi na kunne. Ga wanda ya riga ya goge, zaɓi ne mai kyau. Ga wanda yake son ganin lambarsa ta farko a fuskar kwamfuta yau ɗin nan, Uno zan miƙa masa ba tare da wani ɗari-ɗari ba.

Zanen da na samu ya nuna mini akwatin yana ci gaba da riƙe zafi bayan na waje ya sauka. Na huda masa ramukan shan iska sama da ƙasa, kuma tun daga ranar layukan biyu suka matso kusa da juna.