Kafireta ko a juya mota zuwa injekta?

Ana ta tambayata, mai tsohuwar Golf 2 ko Fijo 504 ya bar kafiretarsa (na'urar da ke haɗa fetur da iska ta ba inji) ne ko ya juya motar zuwa injekta (tsarin da kwamfuta ke auna mai ta fesa wa inji). Wajen kuɗi dai kafireta ta fi sauƙi, in ta toshe bakanike ya kwance ta ya wanke da fetur ya hura jet (ƙananan ramukan da mai ke bi) ka kama hanya. Injekta kuwa sai ka sayi birenbos (kwamfutar motar), sensa, nozul da famfon mai, ga wayarin, in ba gwani ya haɗa ba wallahi kullum kana gareji. Amma tana rage shan mai, kuma da asuba lokacin sanyi bugu ɗaya take tashi. Mai zirga-zirgar ƙauye ya riƙe kafiretarsa, wanda ke gari kusa da mai na'urar gwaji kuma zai daɗe da motar, injekta ta fi masa.