Adaftar haɗa kwamfuta da allo: abin dubawa kafin ka sauka Circle

Ɗan yayata yana koyarwa a wata Islamiyya a Nima, unguwa a Accra. Ana saura kwana biyu walimar saukar ɗalibansu, ya kira ni hankali a tashe: "Kawu, na sayo adafta, ta shiga daidai, amma talabijin ɗin baƙi ƙirin." Laftof ɗinsa tsohuwa ce, ramin VGA kaɗai gare ta, talabijin ɗin da suka aro kuma HDMI yake karɓa. Wadda aka ba shi a kasuwa mai ɗauko hoto daga HDMI ta kai VGA ce, shi kuwa akasin haka yake bukata. Ba ƙarya aka yi masa ba. Bai faɗi daga ina zuwa ina ba, ba a kuma tambaye shi ba.

A nan yawancin kuɗin mutanenmu ke salwanta. VGA, shuɗin kan nan mai allurai 15 da IBM ya fito da shi a 1987, yana tura hoto ne da ƙarfin lantarki mai hawa da sauka, kuma ba ya ɗaukar sauti. HDMI mai allurai 19 da lambobi yake aiki, hoto da sauti a waya ɗaya. Harshensu ba ɗaya ba ne, don haka akwai ɗan guntun na'ura a cikin adaftar da ke yi musu tafinta, kuma tafintan nan gefe ɗaya kawai yake fassarawa. Mai HDMI zuwa VGA ƙarama ce, ta fi araha, ita ce ta sabuwar laftof da tsohon majigi ko tsohon allo. Nemi wadda ke da ramin sautin iyafis a gefe, in ba haka ba lasifika za ta yi shiru. Mai VGA zuwa HDMI ta fi tsada, za ka gan ta da wayar USB ta jan wuta da siririyar wayar sauti. In ba ka ga waɗannan biyun ba, ajiye ta.

Ina so a san cewa VGA mafita ce ta dole. Rubutu a kanta yakan ɗan dushe, musamman in wayar ta yi tsawo, kuma finafinan da aka kulle da kariyar hana kwafa ta HDCP, irin na Netflix, suna iya ƙin fitowa. In allon yana da wani rami ban da shi, bi ta can.

Sai DisplayPort, wanda ya fi rikita masu kwamfutocin gwanjo da muke kira hom-yus. Yawancinsu daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito, inda aka fi amfani da shi. HP EliteBook 840 na farko-farko DisplayPort da VGA gare su, babu HDMI. ThinkPad T440 da T450 kuma ƙaramin DisplayPort ne, irin na tsofaffin MacBook. Ramin yana kama da na HDMI, sai dai kusurwa ɗaya ce a yanke, ba biyu ba. Na sha ganin wanda ya dage yana cusa wayar HDMI a ciki har ya lanƙwasa ramin. Daga DisplayPort zuwa HDMI abu ne mai sauƙi: in akwai alamar DP++ kusa da ramin, waya mai araha ta wadatar, kuma ni na fi son waya guda mai kai biyu a kan ƙaramar adaftar da za a sake jona mata wata wayar, don kowace mahaɗa wurin kwancewa ce. Daga HDMI zuwa allon DisplayPort kuwa sai mai jan wuta ta USB, ba kowane shago ke da ita ba. Wajen cirewa a danna maɓallin da ke kan wayar tukuna, yawancinsu suna da ƙugiya.

DVI, farin kan nan na 1999, ba ya bukatar dogon bayani. Shi da HDMI suna fahimtar juna ta kowane gefe da waya mai sauƙi, sai dai a nemi wa sauti wata hanya.

USB-C ne ke bukatar natsuwa. Ramin iri ɗaya ne a ido, amma ba kowanne ke fitar da hoto ba. Wasu caji da tura fayil kawai suke yi, musamman a laftof masu araha da wayoyin hannu da yawa. Duba gefen ramin: alamar walƙiya ta Thunderbolt ko harafin D na DisplayPort na nufin hoto zai fita. In babu alama, nemi lambar samfurin kwamfutar a shafin kamfanin kafin ka hau motar torotoro. Akwatin nan mai shiga USB-C mai ramuka da yawa, HDMI da USB da na katin ajiya, yana da amfani ga mai yawo da laftof, amma yakan yi zafi, kuma da yawansu 4K a 30Hz suke tsayawa, wato hoto mai kaifi sosai amma sau 30 kacal yake sabuntuwa a daƙiƙa. Mai aikin zane ko haɗa bidiyon biki ya nemi wadda aka rubuta 4K 60Hz a kwalinta, wato ƙarfin HDMI 2.0. Mai buga takardu a allon 1080p kada ya biya kuɗin abin da ba zai gani ba. Akwai kuma mai shiga tsohon ramin USB, irin ta DisplayLink, wadda sai an saka mata manhaja. Tana ceton wanda ba shi da wani rami, amma ba na ba mai wasan kwamfuta shawarar saye.

Kafin ka fita, ɗauki hoton ramin kwamfutar da na allon da wayarka. In hali ya yi, tafi da laftof ɗin Tip Toe Lane, layin masu sayar da wayoyi da kwamfutoci a Circle, ka ce wa mai shago, "Maigida, daga wannan zuwa wannan nake so, a gwada mini a nan." Ku kuma yi magana a kan canji tun kafin kuɗi ya bar hannunka. In an jona hoto bai fito ba, danna maɓallin Windows tare da P, sannan a tabbatar an saita allon a kan ramin da aka jona.

Ɗan yayata ya koma washegari da laftof ɗin a jaka, aka canza masa, ya cika 'yan sidi. Ranar walima iyaye sun ga hotunan 'ya'yansu a babban allo, karatun ma ya fita ta lasifika, don wannan karon bai manta da siririyar wayar sautin ba.