Asibitin Dabbobin da Ya Rage wa Muzurun Hajiya Ƙiba: Abin da Na Gani a Wata Biyar

A Katsina idan aka ce asibitin dabbobi, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne shanu da tumaki da kajin gona, shi ya sa na daɗe ina jan ƙafa kafin na sa muzurun mahaifiyata a kwando na hau Keke Napep da shi daga gidanmu na wajen Ƙofar Marusa zuwa wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a cikin gari. Shekarar muzurun bakwai, an fiɗiye shi tun yana ƙarami, kuma irin kyanwar Lami ne, ba cizo ba yaƙushi. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne ya daina hawa katanga, tumbinsa yana lilo idan yana tafiya, gashin gadon bayansa kuma ya cukurkuɗe domin harshensa ba ya kaiwa wurin.

Abu na farko da ya burge ni shi ne likitan bai yi gaggawar sayar mini da komai ba. Ya ɗora kwandon a sikeli, ya cire nauyin kwandon, muzuru ya tashi kilo 6.2. Sannan ya kama hannuna ya ɗora a gefen ƙirjin dabbar, ya ce in laluba haƙarƙari. Na danna, na ƙara dannawa, ban ji ƙashi ba sai taushin kitse. Ya bayyana mini cewa likitocin dabbobi suna da ma'aunin jiki daga 1 zuwa 9, inda 5 ke nufin daidai, wato a ji haƙarƙari da ɗan shafawa, kuma idan aka dubi kyanwa daga sama a ga ƙugunta ya ɗan shiga. Namu ya ba shi 8.

Da ya tambayi abin da muke ba shi, sai na lissafa: busasshen abincin kyanwa na leda da ke zube a kwano dare da rana, da ragowar shinkafa, da lomar tuwo da miya, wani lokaci har da fura da nono daga hannun Hajiya. A nan ne ya zauna ya yi mini bayanin da nake ganin shi kaɗai ya isa kuɗin ganin likita. Kyanwa maciyiyar nama ce tsantsa. Yawunta ba shi da sinadarin da ke fara narkar da sitaci kamar na ɗan Adam, harshenta ba ya jin zaƙi, kuma ɓeran da aka halicce ta tana farauta kusan dukkansa furotin ne da kitse da ruwa. Busasshen abinci kuwa sai da sitaci irin na garin masara ko shinkafa ko alkama yake dunƙulewa, ruwan da ke cikinsa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, alhali na gwangwani ruwansa yakan kai kashi 75 zuwa 80, saboda haka yana cika ciki ba tare da ya tara ƙiba sosai ba. Ya ƙara da cewa fiɗiya tana rage ƙarfin da jiki ke ƙonawa tana kuma buɗe ciki, sannan kyanwa mai teɓa ta fi saurin kamuwa da ciwon suga da ciwon gaɓoɓi.

Kamfanoni ba kasafai suke rubuta yawan sitaci a jikin leda ba, don haka ya koya mini lissafinsa a bayan takardar magani: a tara kason furotin da kitse da zaren tsiro da toka (wato ma'adanai) da ruwa da aka rubuta a jikin ledar, a cire jimlar daga 100, abin da ya rage shi ne sitaci da danginsa. Ledarmu ta bar 38. Gwangwanin da ya nuna mini ya bar 1 kacal, wanda idan aka cire ruwa daga lissafin ya zama kamar kashi 5.

Sai dai inda na fi ganin gaskiyarsa shi ne da ya ce kada in ɗauka rage sitaci kaɗai yana zubar da ƙiba. Abinci mai ƙarancin sitaci yakan zo da kitse mai yawa, kuma giram ɗaya na kitse ya ninka giram ɗaya na sitaci ƙarfi fiye da sau biyu, saboda haka wanda ya cika kwano da gwangwani ba awo zai iya wayar gari dabbarsa ta ƙara nauyi. Amfanin yawan furotin shi ne yana riƙe ciki, yana kuma kare tsoka yayin da kitse ke narkewa, amma awo shi ne ginshiƙin aikin. Ya sa na sayi ƙaramin sikelin kicin, ya rubuta mini giram nawa na abincin gwangwani za a ba muzurun a yini, a raba sau huɗu.

Aikin da ya fi wuya a gida yake. Hajiya ta ƙi amincewa, tana cewa ita ba za ta ɗauki alhakin dabba ba, ta kuma tuna mini hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. A zuwa na biyu na tafi da ita, likitan ya rusuna ya gaishe ta, ya ce: "Hajiya, ku kwantar da hankalinku, ba yunwa za mu sa masa ba, ni ma ita nake tsoro." Ya bayyana mata cewa kyanwa mai ƙiba idan ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba, kitsen jikinta yana kwarara ya cika hanta, kuma wannan ciwo yana kisa. Don haka ba a so ta zubar da fiye da kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyinta a mako, sabon abinci kuma a hankali ake gauraya shi da tsohon har tsawon mako guda ko kwana goma, idan kuwa ya ƙi ci yini guda cur, a kira shi. Ya kuma roƙe ta ta daina ba shi miya, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa. Tun daga ranar Hajiya ta karɓi sikelin, ita ke awo bayan sallar asuba.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Wurin jira ɗaya ne da na raguna da karnuka, kuma akwai ranar da muka yi kusan awa biyu muzurun yana karkarwa a kwando. Gwangwanin yana da tsada ƙwarai, sau biyu kuma ya yanke musu, sai da na yi saƙo daga Kano. Ba su kuma gargaɗe ni a kan zafi ba: a watan Afrilu, ga rashin wuta, gwangwanin da aka buɗe da safe kafin la'asar ya fara wari, sai da muka koma sayen ƙanana muna ajiye ragowar a cikin kula mai ƙanƙara. Da na tambaya ko dafaffiyar kaza ta gida za ta wadatar, ya ce tsoka zalla ba ta da isasshen sinadarin gina ƙashi, hanta kuma idan ta yi yawa tana cutarwa, sannan ƙarancin wani sinadari da ake kira taurine yana taɓa zuciya da ido. Amsar daidai ce, amma na so a ce sun tanadi rubutaccen tsarin abincin gida tare da ƙarin sinadaran, domin yawancin masu kyanwa a garin nan ba za su iya jure sayen gwangwani kullum ba.

Duk da haka, wanda kyanwarsa ta yi teɓa ina ba shi shawarar ya je, ya tafi da ledar abincin da yake ba ta, ya kuma sammaka kafin masu dabbobin kiwo su cika wurin. Duk mako biyu muke komawa awo, ba sa karɓar kuɗi a kan hakan. A wata na biyar sikeli ya nuna kilo 5.3, haƙarƙarinsa ya fara jiyuwa a ƙarƙashin yatsa, kuma ran Juma'ar da ta wuce Hajiya ta kira ni tsakar gida ta nuna mini shi a kan katanga yana lasar bayansa. Likitan ya ce da sauran kamar rabin kilo, ya rage giram biyar daga awon yini, ya ba mu ranar komawa.