The Lark Ascending a Hannun Iona Brown: Faifan 1972 Bai Tsufa Ba

Kamfanin Argo ne ya fitar da wannan faifai a 1972, da ƙungiyar Academy of St Martin in the Fields ƙarƙashin jagorancin Neville Marriner, Iona Brown kuma ita ce mai goge. Kiɗa huɗu ne a ciki, duka na Ralph Vaughan Williams, mai tsara kiɗa ɗan Ingila, amma abin da ake sayensa dominsa shi ne The Lark Ascending, mai kusan minti 16.

Vaughan Williams ya fara tsara shi a 1914, yaƙin duniya ya katse aikin, ya gyara shi a 1920. Mai goge Marie Hall ce ta fara kaɗa shi tare da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa a Landan, a watan Yuni 1921. Tushensa rubutacciyar waƙar George Meredith ce a kan wani ɗan tsuntsun karkarar Ingila da ke tashi sama yana kuka har ya ɓace wa ido. Gogen Turawa guda ɗaya shi ne tsuntsun.

Wahalar tana farko da ƙarshe. A can an rubuta wa mai goge layi ba tare da ma'aunin lokaci ba, kuma a tausashe ƙwarai. Masu goge da yawa sukan ja shi har ya yi sanyi, ko su cika girgiza tsirkiya, sai tsuntsun ya yi nauyi. Brown ba ta yi haka ba. Sautinta siriri ne, tsaf, kuma ko a can ƙololuwa ba ya kaucewa. Marriner ya riƙe sauran makaɗan a ƙasa, shi ya sa a tsakiya, inda sarewa ke shigo da karin waƙar ƙauye, ana jin har ƙaramin ƙarfen nan mai kusurwa uku. Wanda ya fi son a ɗan yi sauri, ɗaukar mai goge Hugh Bean da jagoran makaɗa Adrian Boult ta 1967 ta fi dacewa da shi.

Inda ake samun matsala shi ne wajen sauraro. Tazarar da ke tsakanin sauti mai taushi da mai ƙarfi babba ce, don haka a mota ko lasifikar waya, minti biyu na farko ɓacewa suke. A tsallaka zuwa inda duk makaɗa suka haɗu, a daidaita ƙara a nan, sannan a koma farko. A manhajar sauraro kuma a zaɓi inganci mafi girma, domin matsatstsen fayil yana sa manyan sautukan goge su yi kaushi.

Da yake a tef aka ɗauka, akwai ɗan huci a baya, ya fi fitowa a ƙarshe inda goge ya rage shi kaɗai. Bai kai a fasa saye ba, ballantana ga Fantasia on a Theme by Thomas Tallis ta 1910 a faifai ɗaya.