Kamfanin da ya binciki takarduna bayan makarantun kasuwanci uku sun ƙi ɗaukata

A watan Janairun 2024 na miƙa takardun neman gurbin digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, wanda aka fi sani da MBA, ga makarantu uku na Amurka, wato Harvard da Stanford da Wharton, a zango na biyu na karɓar takardu. Kafin ƙarshen watan Maris dukkansu sun ba ni amsa, kuma babu wadda ta gayyace ni ko da ganawa. Wasiƙun gajeru ne, cike da ladabi, amma babu wadda ta faɗi dalili, domin a al'adar waɗannan makarantu ba a cika yi wa wanda bai samu gurbi ba bayanin inda ya gaza. Wannan shirun ne ya sa na nemi wani kamfanin masu ba da shawara da ke aiki ta intanet, wanda yake sayar da hidima iri biyu a haɗe: bincika takardun da suka faɗi, da kuma kimanta damar mutum idan ya sake nema.

Tsarin aikinsu ba shi da wahala. Na biya kuɗin da dala, abin da ya kusan cinye albashina na wata guda a bankin da nake aiki a Kano, sannan na tura musu duk abin da na aika wa makarantun: takardar tarihin aiki, da rubuce-rubucen bayanin kai, da sakamakon jami'a, da makin GMAT, wato jarrabawar neman shiga makarantun kasuwanci, tare da wasiƙun shaida guda biyu da waɗanda suka rubuta su suka amince na nuna. Bayan kwana goma aka turo mini rahoto mai shafi shida, aka kuma ba ni awa guda ta Zoom tare da matar da ta rubuta shi, wadda ta taɓa zama a kwamitin tantance ɗalibai na wata makarantar kasuwanci.

Mafi amfanin abin da na samu shi ne hukuncinta a kan wasiƙun shaida. Ni da kaina na ɗauka cewa girman muƙamin mai shaida shi ne yake da nauyi, saboda haka na bi ta hannun wani har na samu wani babban darakta, wanda sau biyu kacal muka taɓa zama a ɗaki ɗaya, ya rubuta mini. Wasiƙarsa ta ce ni mutum ne mai gaskiya da riƙon amana da ƙwazo, irin kalmomin da a wurinmu suka isa shaida. Matar ta nuna mini cewa babu misali ko ɗaya a cikinta, alhali tambayoyin da makarantun suke yi wa mai shaida sun haɗa da kwatanta mai nema da takwarorinsa a wurin aiki, da bayyana gyara mafi muhimmanci da ya taɓa yi masa da yadda ya karɓi gyaran. Wanda bai taɓa ganin aikinka da idonsa ba, ba shi da abin da zai faɗa a nan. Ta ce in koma wurin shugabar sashena, wadda take duba aikina kowane mako, ko da kuwa sunanta bai fita daga reshenmu ba.

Abu na biyu ya fi taɓa ni. Ta ja layi a ƙarƙashin kowane wuri da na rubuta cewa mun yi kaza ko an samu kaza, ta tambaye ni wane ɓangare ne na aikin ya fito daga hannuna. Mun taso ana gaya mana cewa yabon kai jahilci ne, kuma har yau ina ganin tarbiyya ce mai kyau, amma mai karanta dubban takardu a Boston, inda makarantar kasuwanci ta Harvard take, ba shi da hanyar sanin cewa kunya ce ta sa na ɓoye cewa ni na tsara shirin ba wa ƙananan 'yan kasuwa rance, ni kuma na shawo kan shugabannina suka amince da shi. Abin da ya burge ni shi ne ba ta nemi in ƙara gishiri ba. Ta nemi in faɗi abin da na yi, da yawan mutanen da ya shafa, da abin da ya canza bayansa, in bar mai karatu ya yanke hukunci. Haka ta yi wa amsata ga tambayar Stanford da ta shahara, wadda take neman mutum ya faɗi abin da ya fi muhimmanci a rayuwarsa da dalilin haka: ta ce na rubuta wa'azi a kan ci gaban Afirka, ban rubuta komai a kaina ba. Gaskiya ta faɗa, duk da cewa na ji zafin maganar.

A kan jarrabawa bayaninta gajere ne kuma daidai. Makina 680 ne a tsohon tsarin GMAT mai ƙarewa a 800, wanda aka daina amfani da shi a ƙarshen Janairun 2024. Sabon tsarin yana tafiya daga 205 zuwa 805, kuma 645 a cikinsa ya yi daidai da 700 na da. Ta ce in sake zama, na sake, na samu 665 a sabon tsarin.

Ɓangaren kimanta dama kuwa shi ne mafi rauni, kuma shi ne suka fi tallatawa. Rahoton ya ba kowace makaranta adadi cikin ɗari, kamar an auna shi a sikeli. Da na tambayi inda adadin ya fito, amsar ita ce gogewarta da kuma sakamakon waɗanda kamfanin ya taɓa yi wa aiki, amma ba ta iya gaya mini mutum nawa ne a cikinsu suka yi digirin farko a Najeriya ba. Sanannen abu ne cewa Stanford tana ɗaukar ƙasa da mutum ɗaya cikin goma na masu nema, Harvard kuma kaɗan ta haura ɗaya cikin goma, saboda haka duk wanda ya ce ya san damarka da ƙididdiga a irin wannan gasa, hasashe yake yi. Na fi son a ce mini wannan makaranta ta yi maka nisa, waccan kuma kana kusa, a tsaya a nan, domin lambobi suna sa mutum ya yarda da abin da ba a tabbatar ba.

Akwai kuma ƙarancin sanin inda na fito. Rahoton ya ɗauki ƙarin watannin da na yi a jami'a a matsayin giɓi mai buƙatar uzuri, sai da na yi bayanin yajin aikin malaman jami'o'i na shekarar 2013, wanda ya ɗauki daga Yuli zuwa Disamba. Haka nan sai da na fayyace mata ma'anar shekarar hidimar ƙasa, da matsayin digiri mai daraja ta biyu ta sama. Ta saurara da kyau, ta kuma ba ni shawara mai ma'ana cewa in yi wannan bayani a layuka uku cikin gurbin ƙarin bayani da makarantun suke bayarwa, amma kusan minti goma sha biyar na awar da na biya sun tafi a kan abin da ya kamata su riga su sani. Batun kuɗin karatu ma ba a taɓo shi ba sai da na tambaya, alhali kuɗin makaranta kaɗai a Harvard ya haura dala 70,000 a shekara, kuma ga mai karɓar albashi da naira wannan ba ƙaramar magana ba ce. Bayan tattaunawar sun yi ta aiko mini da saƙonni suna kwaɗaita mini sayen cikakken shirinsu mai tsada, abin da bai yi mini daɗi ba.

Inda matar ta sake samun girmamawata shi ne lokacin da ta tambaye ni kai tsaye me zai canza tsakanin Maris da Satumba. Wharton tana neman duk mai sake nema ya rubuta gajeren bayani a kan yadda ya inganta kansa tun nemansa na baya, kuma ta ce idan amsata ba ta wuce cewa na ƙara ƙwazo ba, gara in jira shekara guda in adana kuɗin fom. Ta kuma ce in faɗaɗa zaɓina zuwa Turai, ta ambaci makarantar kasuwanci ta INSEAD da ke Fontainebleau a Faransa, wadda karatunta wata goma ne, abin da yake rage kuɗi da lokacin da mutum zai yi ba albashi.

A watan Satumba na sake nema a zango na farko, da sabon maki, da ƙarin girman da na samu a wurin aiki, da wasiƙar shugabar sashena, na kuma cire Stanford daga lissafi. Harvard ta sake ƙin ɗaukata. Wharton ta gayyace ni ganawarta ta rukuni, inda masu nema biyar ko shida suke tattauna matsala ɗaya tare, daga bisani ta sa ni a jerin masu jira. INSEAD ce ta ba ni gurbi, kuma ita ce makarantar da ban taɓa tunanin nema ba kafin waccan awa guda da na biya.